Farin Tabo a Hannun Mai Ludayi

Hedimasta ya jira sai da ta sauke tukunyar ƙarshe, ta raba wa yara abinci aji-aji, ta kankare ƙanzo, ta wanke ludayi ta rataye a ƙusarsa, sannan ya aiko a kira ta ofis. Wannan ma yana cikin abin da ya daɗe yana ci mata rai daga baya: sai da ya mori aikinta na ranar tas kafin ya buɗe baki.

Inna Mai Ludayi yaran makarantar ke ce mata. Makarantar firamare ce ta ƙaramar hukuma, ita kuma babbar mai dafa abincin rana, tana da mataimaka mata biyu. Ta daɗe a wannan kicin har wasu da ta fara zuba wa abinci sun yi gemu, suna kawo nasu 'ya'yan. Ta san yaron da ba ya cin yaji, ta san yarinyar da take ɓoye rabin rabonta ta kai wa ƙannenta, kuma ludayinta yakan yi nauyi idan ya zo kan kwanon yarinyar.

Tun bara wani farin tabo ya fito mata a kan yatsu, kamar fenti ya fantsar mata. Bai yi ƙaiƙayi ba, bai yi zafi ba, sai dai ya yi ta faɗi har ya mamaye bayan hannayenta, ɗaya kuma ya fito a gefen bakinta. Ta je asibitin hukuma, likita ya duba ya ce launin fatar wurin ne kawai ya gushe, ba cuta ce mai kama wani ba. Ta dawo ta ci gaba da aikinta.

Da ta shiga ofis, Hedimasta bai ce ta zauna ba. Ya yi ta juya biro a hannu yana kallon kalanda.

"Iyayen yara sun kawo ƙorafi," ya ce. "Kin san halin mutane. Ki ɗan je gida ki huta."

"Na ce maka na gaji ne, ranka ya daɗe?"

"Batun hannun nan ne. Ana ta magana. Wasu ma cewa suke kuturta ce."

"Likita ya ce ba ita ba ce. Na gaya maka tun lokacin."

"Ni ba likita ba ne, malamin makaranta ne. Kawo makullin sito."

Ta kwance makullin daga bakin zaninta ta miƙa masa. Sai ya janye hannunsa baya, ya nuna tebur da haɓa.

"Ajiye nan."

Ta tsaya tana kallonsa. Wannan mutumin kullum sai ya aiko da kularsa kicin an cika masa, har da saƙon a ƙara masa nama. Yau ma kular tana nan gefen teburin, an sharce ta ƙal. Ta saki makullin ya faɗi kan tebur da ƙara, ta fita ba ta rufe masa ƙofa ba.

A gida maigidanta, wanda kafinta ne, ya saurare ta yana goge garin katako daga hannunsa. Mutum ne mai sanyin hali, irin wanda idan aka take masa ƙafa shi zai ba da haƙuri.

"Ki bari ƙura ta lafa," ya ce. "Wataƙila su neme ki da kansu."

"Su neme ta?" Yayarta ce ta yi maganar daga bakin ƙofa. Tela ce, shagonta na nan layin baya, labari ya riske ta ta taso da tef ɗin awo a wuya. "Kai dai Allah ya shirye ka. An watsa wa matarka ƙasa a ido kana cewa ta bari ta lafa. Auta, tashi ki sa mayafi. Ba akwai wannan sabon ofishin da suke damun mu da shi a rediyo ba? Na hana wariya, na ba kowa dama? Mu je mu gani ko bakin rediyo ne kawai."

"Yaya, ofishin hukuma fa. Hukumar da ta kore ni."

"To ai shi ya sa. Su haɗiye abin da suka tofar."

Washegari suka tafi sakatariyar ƙaramar hukuma. A bakin ƙofa an kafa ƙaton allo, an zana mutane iri-iri riƙe da hannun juna suna dariya. Ofishin kuwa sai da suka tambayi mutum uku kafin su same shi, can bayan gini, jikin ɗakin janareta. Ɗaki ne ƙarami, tebur ɗaya, benci ɗaya, fanka tana juyi da ƙyar kamar an tilasta ta. Jami'ar da ke ciki mace ce siririya mai tabarau, ta haura shekara arba'in, tana cin gyaɗa daga cikin takarda.

Ta saurari labarin ba ta katse su ba, duk da Yaya ce ta faɗi fiye da rabi. Da suka gama ta miƙo hannu ta kama na Inna, ta juya shi tana dubawa. Inna ta fizge.

"Malama, ban zo a tausaya mini ba."

"Ban tausaya miki ba," in ji Mai Tabarau. "Ina duba abin da zan yi faɗa a kansa ne. Ki saurara. Majalisa ta kafa doka: duk wanda yake cin albashin ƙaramar hukumar nan, ba a raba shi da aikinsa saboda kamanninsa, ko asalinsa, ko wata lalura da ba ta hana shi aikin. Ina da ikon in kira Hedimasta ya zo ya yi bayani a gaban kwamiti. Ba ni da mota, ba ni da ɗan sanda, kuma kwamitin ba ya zama sai na bi su gida-gida. Zai ɗauki lokaci. Za su neme ki da daɗin baki ki janye. Idan kin san za ki janye, ki gaya mini yanzu in huta."

"Ba zan janye ba."

"Kowa haka yake cewa a kan bencin nan."

"Ita ba kowa ba ce," Yaya ta ce. "Nono ɗaya muka sha."

Lokacin kuwa ya ja. Kafin kwamiti ya zauna, magana ta gama zagaye unguwa, ta dawo da ƙari. Maƙwabciyar da suke aron turmi da ita ta aiko a karɓo mata kofinta, aka ga ta jefa shi a shara. Mai shagon bakin layi ya koma cewa Inna ta ajiye kuɗi a kan kanta, sai ya sa leda ya ɗauka. Wata mata da ta ba maigidanta aikin gadon jariri ta zo ta fasa, wai katakon ya kwana a gidan. Ƙaramar 'yarta, wadda take aji huɗu a makarantar, ta dawo ta ce an ja benci an bar ta ita kaɗai a bayan aji.

Ranar Inna ta ɗauki tsintsiya ta share tsakar gidan da ba shi da datti, ta sake sharewa, har maigidan ya zo ya karɓe tsintsiyar daga hannunta.

"Ki zauna."

"In zauna in yi me? Shekara da shekaru ina cika musu cikin 'ya'ya. Wa ya taɓa yin gudawa? Wa ya taɓa kwanciya? Yau 'yata ce abin ƙyama?"

Ya jingine tsintsiyar, ya koma ya ci gaba da goge gadon da ba mai saye.

Ana cikin haka Kansilan unguwar ya zo gidan da kansa, da turarensa da mota a waje. Ya zauna a kujerar da kafinta ya kawo masa, ya gaisa da kowa faran-faran, amma ruwan da aka ajiye masa bai ko kalla ba.

"Inna, ai ke uwa ce a wurinmu," ya ce. "Ba girmanki ba ne zaman kwamiti da tone-tone. Akwai bikin rabon tallafi da Ciyaman zai yi wa masu nakasa. Na sa baki, za a ba ki keken ɗinki sabo fil. Ki zo a ɗauke ki hoto da Ciyaman, magana ta wuce. Ga yayarki tela, sai ta koya miki."

Inna ta miƙe tsaye. Ta ɗaga hannayenta biyu a gaban fuskarsa, ta buɗe yatsun ta rufe.

"Yallaɓai, ƙirga su. Wanne ne ya nakasa? Da waɗannan nake ɗaga tukunyar da kai da direbanka ba za ku iya gusar da ita ba. Masu buƙatar keken suna nan, ka kai musu, haƙƙinsu ne. Ni aikina nake so. Kicin ɗina, makullina, da bencin 'yata a inda yake."

"Ki yi tunani dai. Shugaban iyayen yara surukin Ciyaman ne. Ba a ja da irin waɗannan."

"Ashe shi ya sa ka zo. To ka sha ruwanka kafin ka tafi."

Ya dubi kofin, ya dubi agogonsa, ya ce yana azumin nafila. Yana fita Yaya ta leƙa ta taga ta hango shi yana buɗe lemon kwalba a cikin mota.

"Azumin ya karye tun bai kai kwanar layi ba," ta ce, ta ja dogon tsaki.

Da ranar zaman ta zo, aka taru a ɗakin taron majalisa, mai dogon tebur da kujerun roba. 'Yan kwamiti uku ne: wani tsohon alƙali da ya yi ritaya, wata shugabar ma'aikatan jinya, da sakataren ilimi. Hedimasta ya zo da kwat duk da zafin da ake yi. Kusa da shi shugaban iyayen yara ya zauna, wani mai kemis ne, ƙato, mai yawan share wuya da hankici. Mai Tabarau ta zauna gefen Inna. Ta sha wahala kafin ta samo likitan asibitin hukuma, don sai da ta yi masa sintiri har ya gaji da ganinta.

Hedimasta ya fara. Ya yi magana mai tsawo a kan amanar yara, da nauyin da ke wuyansa, da yadda bai iya barci saboda tunanin lafiyarsu. Ya ce shi bai kori kowa ba, hutu ya bayar, har a tabbatar.

"A tabbatar da me?" tsohon alƙalin ya tambaya.

"Ko abin yana yaɗuwa, ranka ya daɗe."

Aka juya ga likita. Mutum ne mai gajeriyar magana, da alama marasa lafiya na jiransa.

"Ba ya yaɗuwa. Ba ta taɓawa, ba ta abinci, ba ta numfashi. Launi ne kawai. Kuma Hedimasta ya sani, don shi da wannan bawan Allah," ya nuna mai kemis, "sun same ni a asibiti kafin a sallame ta, suka tambaye ni irin wannan tabon, na yi musu bayanin nan da nake yi yanzu."

Inna ta juya ta dubi Hedimasta da mai kemis. Duk makonnin nan tana ba su uzuri a ranta, tana cewa jahilci ne, tsoro ne, idan suka ji daga bakin likita za su ji kunya. Ashe sun ji tun tuni.

Mai kemis ya share wuya ya gyara zama.

"To, gaskiya mun je. Ba mu ce tana da cuta ba. Amma a duba, abinci ai da ido ake fara cinsa. Yaro ya ga hannu haka a kan kwanonsa, ransa zai tashi. Matata ma ta ce ita ba za ta iya ba. Mu ba ƙin ta muke ba. A ba ta shara, ko wankin banɗaki, wani abu dai da ba a gaban jama'a ba."

Mai Tabarau ta taɓa gwiwar Inna alamar ta yi shiru, amma ina, ta riga ta tashi.

"Ka san ba cuta ba ce?"

"Na ce ai..."

"Ka sani, ka bar unguwa tana ce mini kuturwa? Kana zaune a kemis ɗinka mutane na zuwa suna tambayarka, don kai suke ɗauka likita, ka buɗe baki sau ɗaya ka ce ƙarya ne? An ware 'yata a aji kamar mai annoba, kana sane! Ɗanka na fari a hannuna ya ci abinci har ya gama, ga shi can ya fi ka ƙiba. Ran nasa bai tashi ba sai yanzu?" Ta juya kan Hedimasta. "Kai kuma, ranar da ka ƙi karɓar makulli daga hannuna, abincin wa ke cikin cikinka? Kularka tana kan tebur ko wankewa ba a yi ba. Hannun da ya tuƙa maka bai dame ka ba, sai da ya miƙo maka ƙarfe?"

"Inna, a yi haƙuri, a zauna," in ji sakataren ilimi.

"Kar ka ce mini in yi haƙuri! Kowa ni yake ba haƙuri. Ka juya ka ce musu su ji kunya mana!"

Tsohon alƙalin ya bar ta ta gama. Da ta zauna, Mai Tabarau ta miƙe ta karanto sashen dokar, ta ce wankin banɗakin da ake yi mata tayi shi ma wariya ce, an dai canza mata riga. Kwamiti ya fita ya dawo ba da daɗewa ba. Hukunci: a mayar da ita kan aikinta na babbar mai dafa abinci, a biya ta albashin da aka riƙe, a ja wa Hedimasta kunne a rubuce, kuma likita ya je makarantar ya yi wa iyaye da yara bayani. A kan mai kemis ba su ce komai ba, don ba ma'aikacin hukuma ba ne. Ya fita yana waya, ko a jikinsa.

Yaya ta rangaɗa guɗa a barandar sakatariya har masinja ya leƙo. Inna ba ta yi murna ba. Ta ce wa Mai Tabarau, "Shi ke nan? Jan kunne?"

"Iyakar abin da dokar ta ba ni ke nan. Da babu ita, ko wannan ba za ki samu ba."

"Ban ce ba ki yi ƙoƙari ba."

"Na sani. Ni ma raina a ɓace yake. Ki koma aiki, idan ya sake wani salon ki kira ni."

Ya kuwa sake. Ranar da ta koma, ta tarar da makullin sito a rataye jikin ƙofar kicin, tare da safar hannu ta roba doguwa har gwiwar hannu, irin ta masu wankin kwata. Ɗaya daga cikin mataimakanta ta ce, tana kallon ƙasa, Hedimasta ya ce Inna ta sa wannan, ta riƙa dafawa, su kuma su riƙa rabawa, kuma ta daina fitowa wajen layi.

Inna ta ari waya ta kira. Kafin a buga ƙararrawar cin abinci Mai Tabarau ta iso a kan babur ɗin haya, ƙafafunta duk ƙura. Ta shiga ofishin Hedimasta ba sallama, muryarta har kicin.

"Idan ƙa'idar tsafta ce, kowa ya sa. Idan ita kaɗai ce, ka rubuto mini dalili in kai wa kwamiti. Zaɓi ɗaya."

Ya zaɓi kowa ya sa, don kawai kada a ce ya sauko. Aka sayo safa uku. Mata uku suka yini a gaban wuta hannayensu na dahuwa cikin roba, gumi na taruwa a yatsu. Mataimakan suka ɗauke wa Inna magana, suna ganin ita ta jawo musu. Ba a yi nisa ba safar ɗaya daga cikinsu ta narke jikin murfin tukunya ta ƙona ta, ta kai kuka ofis tana zagi, ta ce a biya ta magani. Daga ranar ba a sake maganar safa ba.

Inna ta koma bakin layi da ludayinta, hannu a buɗe. Likita ya zo ya yi bayaninsa a filin makaranta, iyayen da suka halarta ba su cika benci biyu ba. Da farko layin ya ragu sosai, don gidaje da yawa sun koma ƙunso wa 'ya'yansu abinci. Ta riƙa kallon shinkafa na saura a tukunya tana cizon leɓe. Amma yara ba su da riƙon manya, kuma ƙamshin miyarta bai canza ba. Kaɗan-kaɗan suka riƙa dawowa, wasu a ɓoye, su ci na gida su zo su miƙa kwano. Wani ɗan aji ɗaya ya tambaye ta ko bilicin ne ya zube mata, ta ce a'a, haka Allah ya yi mata zane, ya ce shi ma yana so. An mayar da bencin 'yarta, sai dai ƙawarta ta da ba ta dawo kusa da ita ba, uwarta ta hana.

Ba wanda ya zo ya ba ta haƙuri. Maƙwabciyar nan ta dawo aron turmi kamar ba a yi komai ba, Inna ta ce turmin ya tsage, alhali ga shi a tsakar gida ana gani. Matar mai kemis ta gaishe ta a hanya da fara'a, Inna ta dube ta sama da ƙasa ta wuce. Maigidanta ya ce riƙo ba kyau. Ta ce ya bari sai ranar da aka jefa kofin da ya taɓa a shara, sannan ya zo su yi maganar riƙo.

Bayan an kwana biyu ta dafa abinci a gida, ta zuba a kwano mai murfi, ta tafi sakatariya don ta kai wa Mai Tabarau. Ta tarar da wani saurayi a kan teburin yana latsa waya, ƙafa ɗaya a kan benci. Ya ce an yi wa Malama canjin wurin aiki, tana ɗakin ajiyar tsofaffin fayil, ƙarshen baranda.

Can ta same ta, cikin ƙura da warin takarda, tana ɗaure fayiloli da igiya.

"Me ya faru?"

"An ce na ƙware da bin diddigi, nan ne ya dace da ni." Ta yi wata 'yar dariya ta cire tabarau tana gogewa. "Surukin Ciyaman ya kai ƙara wai na ci masa mutunci a gaban jama'a."

"Ni na ci masa mutunci, ba ke ba! Kuma kaɗan ma na yi."

"Ke ba su da inda za su mayar da ke, kwamiti ya ɗaure musu hannu. Ni kuwa canjin aiki ba kora ba ne, doka ba ta hana ba." Ta buɗe kwanon, ta sa hannu ta fara ci a tsaye. "Akwai mutum biyu da na bari a kan hanya. Wani direba da aka hana aiki saboda in'ina, da wata mai shara da aka sallama don tana da ciki. Yaron can ko sunansu bai tambaya ba."

Inna ta tsaya tana huci. Ta dubi tarin fayilolin, ta dubi matar da ta hau babur cikin rana saboda ita.

"Ina ofishin Ciyaman?"

"Sama. Ba zai gan ki ba."

"Zai gan ni."

Ta biya shagon Yaya ta ɗauko ta, ko zaren da ke bakinta ba ta tofar ba. Suka nemo direban a tashar mota, suka nemo mai sharar a gidan uwarta, ciki ya fito sosai. Su huɗu suka hau bene suka zauna a kan bencin da ke ƙofar Ciyaman. Sakatarensa ya fito ya ce Yallaɓai yana taro. Suka ce za su jira. Ya koma ya sake fitowa ya ce taron zai daɗe, su dawo wani makon. Yaya ta ciro wata riga da allura daga jakarta ta fara ƙarasa kalmasa. Direban ya yi ƙoƙarin yin magana, kalmar ta maƙale masa, sakataren ya fara murmushi, Inna ta watsa masa wani kallo da ya sa murmushin ya koma inda ya fito.

"Ka bar shi ya gama," ta ce. "Ba inda za mu."

Direban ya gama maganarsa, ya faɗi abin da ya kawo su. Sakataren ya ce zai isar, ya shige ya turo ƙofa. Ma'aikata suka fara tashi, suna wucewa suna satar kallonsu. Ta tagar baranda Inna tana hango motar Ciyaman a ƙarƙashin rumfa, kuma benen matakala ɗaya gare shi, ga ta nan a gabansu.

Mai cikin ta ce bayanta ya gaji. Inna ta cire mayafinta ta naɗe ta sa mata a baya, ta gyara zama, ta ɗora hannayenta a kan gwiwa inda duk mai fitowa zai gan su.

"Yaya, matsa ki tare bakin matakalar nan," ta ce. "Na ji motsin kujera a ciki."